Maganin kaska mai amitraz 12.5%: yana aiki a jikin kare, amma sai da awo

A shagunan maganin dabbobi na Damagaram, in ka ce kaska ta dami karenka, yawanci kwalbar amitraz 12.5% za a miƙo maka. Ana sayar da shi da sunaye iri-iri, asalinsa ɗaya ne, kuma maganin shanu da tumaki ne da ake yi wa kare amfani da shi. Hukuncinmu a kansa: yana kashe kaska da ƙwayar ƙazwa sosai, yana da araha, amma ba ya yafe ganganci.

Awon da aka saba na kaska shi ne ml 2 a lita 1 ta ruwa. A auna da sirinji, kada a yi da murfin kwalba ko da ido. Karen gida matsakaici lita 3 zuwa 5 ta ishe shi, kuma wannan abin so ne a garin da kowace jarka ke da daraja. A fara wanke shi da sabulu mai laushi, a ɗauraye, a tsane jikin. Omo yana busar da fata ya jawo susa. Sannan a sa safar hannu, a shafa ruwan maganin da soso daga wuya zuwa wutsiya, a bi hammata da tsakanin yatsu, a kauce wa ido da baki. Ba a ɗaurayewa. A riƙe shi a inuwa mai iska har ya bushe, kada ya lashi jikinsa. Wanda aka dama a yi amfani da shi ranar, domin in ya kwana ya lalace. Ragowar a zuba a rami nesa da rijiya da kwamin shan ruwan dabbobi.

Inda ake samun matsala shi ne wanda ya ƙara awo don wai ya fi ci. Sai kare ya yi laushi, yana tangaɗi, yana amai, jikinsa ya yi sanyi, bugun zuciya ya ragu. In haka ta faru, a wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, a garzaya wurin likitan dabbobi. Ɗura masa madara ko manja ba ya warware gubar. Ba a sa wa ɗan kwikwiyo da bai kai wata 4 ba, ba a sa wa kyanwa. Masu dawaki kuwa, kuma garin nan ba su da kaɗan, su yi nesa da shi ƙwarai: amitraz yana tsayar da hanjin doki har ya kashe shi.

Kasawarsa babba ita ce wadda mai shago ba ya faɗa. Kaskar kare ba a jikinsa take zama ba. Macen in ta ƙoshi da jini sai ta faɗo, ta shige tsagar katanga, ta zuba ƙwai dubbai. Ka wanke kare yau, mako mai zuwa ƴaƴan sun hau shi. Sai an fesa makwancinsa da gindin bango, an liƙe tsagogi, an maimaita wankan bayan kamar mako 2.

Kuma kwalba ba ta maye gurbin buroshi. Taje kare sau 2 ko 3 a mako yana fitar da ƙurar hunturu da mataccen gashi, kuma a nan hannu ke gano abin da ido bai gani ba: ƙarangiya da ta soke tsakanin yatsu bayan damina, kumburi mai ƙaramin rami da tsutsar ƙuda ke ciki, bakin kunnen da ƙudaje suka cinye. Kaska ɗaya ko biyu, hantsaki ya isa: a kama ta dab da fata, a ja a miƙe, a jefa a kananzir. A ɗaga leɓe a duba dasashi. In ya yi fari, ko fitsari ya koma kalar shayi, cutar jinin da kaska ke sawa ce ake zargi, kuma wanka ba ya maganinta, sai allurar likita.

Fiya-fiya da baƙin man inji da wasu ke shafa wa kare, don Allah a bari. Guba ce da ke ratsa fata. Wajen saye a duba ranar ƙarewar aiki, a ƙi kwalbar da ta sha rana a kan tebur ko wadda aka ɗura a wata roba ba takarda.