Sharhi kan Make a Splash, shirin koya wa yara iyo a Amurka

Gidauniyar USA Swimming, wato hukumar wasan ninkaya ta Amurka, ce ta ƙaddamar da shirin Make a Splash a shekarar 2007, kuma kamfanin mai na Phillips 66, wanda ya fara tallafa wa wasan ninkaya a Amurka a 1973, shi ne ya daɗe yana ɗaukar nauyin rangadin da shirin yake yi birni-birni. Buƙatar a fili take, domin a ƙasar babu abin da ya kai nutsewa a ruwa kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4, sannan binciken da gidauniyar ta sa aka gudanar a 2017 ya nuna cewa kashi 64 cikin 100 na 'ya'yan baƙar fata ba su iya iyo ba, ko kuma ba su iya sosai ba.

Rangadin ne ya fi jan hankalin jama'a. An daɗe ana gabatar da Cullen Jones a rangadin, ɗan wasan ninkaya ne baƙar fata wanda ya kusa nutsewa yana ɗan shekara 5, daga baya kuma ya ci lambar zinare a gasar Olamfik ta Beijing a 2008, kuma labarinsa yana ratsa zukatan iyayen da su kansu tsoron ruwa suke yi. Sai dai taron yini guda ba ya koya wa yaro iyo, kuma kamfanin ma yana samun tallar sunansa, abin da ban ga laifinsa ba matuƙar yara suna amfana.

Inda shirin ya cancanci yabo shi ne tallafin kuɗin da gidauniyar take bai wa masu koyar da iyo a unguwanni, domin su karɓi yara kyauta ko a farashi mai rahusa. A can ne yaro yake koyon riƙe numfashi, da kwanciya rigingine a kan ruwa ba tare da ya firgita ba, da yadda zai kai kansa gefe idan ya faɗa ciki ba shiri. Raunin wannan tsari kuwa shi ne ya dogara da samuwar wurin ninkaya a kusa, alhali unguwannin marasa ƙarfi su ne suka fi rasa shi, ga kuma wahalar kai yaro da ɗauko shi ga mahaifiyar da ba ta da mota.

Iyalan da suke zaune a Amurka su fara tambayar wurin ninkaya mafi kusa da su ko yana cikin masu karɓar wannan tallafi, su kuma bincika yara nawa ake haɗa wa malami ɗaya kafin su yi rajista.