Manhajar kariya ta ceci kwamfutocin shagona, amma ina da ƙorafi

Shagon buga takardu nake da shi a Kano, da kwamfutoci shida waɗanda suke amfani da folda ɗaya da firinta ɗaya. A bara na sayi lasisin shekara guda na wata manhajar kariya daga bairos, wanda ya ƙunshi na'urori biyar, na bar ta shidan haka nan saboda tsohuwa ce mai Windows 7, wadda aka daina yi wa sabuntawar tsaro tun Janairun 2020.

Wata ranar Litinin da hantsi saƙon imel ya shigo da sunan wani ɗan kwangila da muka saba yi wa aiki, ɗauke da fayil da aka ce takardar farashi ce. Yaron shagon ya buɗe shi a kan tsohuwar kwamfutar, bai ga komai ya fito ba, sai ya ci gaba da aikinsa. Ba a yi minti goma ba sauran biyar ɗin suka fara fito da jan gargaɗi ɗaya bayan ɗaya, domin bairos ɗin irin wanda ake kira tsutsa ne, mai kwafar kansa ba tare da an sake taɓa shi ba, kuma ya riga ya zuba kwafinsa a cikin foldar da muke rabawa da sunaye masu kama da na takardun ɗalibai. Manhajar ta killace su duka, ni kuma na zare wayar sadarwa daga bayan tsohuwar kwamfutar hannuna yana rawa, saboda aikin mutane na wata uku yana cikin wannan folda.

Da na duba da kyau sai na ga sunan fayil ɗin ya ƙare ne da .pdf.exe, wato manhaja ce da aka yi wa kamar takarda, ƙarshen kuwa a ɓoye yake tun da ban taɓa kunna saitin da ke nuna shi ba. Da wannan dabara tsutsar ILOVEYOU ta taso daga Filifin a Mayun 2000 ta mamaye duniya, ga shi har yau dabarar tana aiki. Ɗan kwangilar ya rantse bai aiko da komai ba, kuma na yarda da shi, domin irin wannan tsutsa ita ke aika kanta ga duk adireshin da ta tarar. A ranar na yi wa manhajar godiya ƙwarai.

Sai dai cikin abin da ta killace har da babi na huɗu na aikin wata ɗaliba mai shirin kammala digiri, wanda lafiyarsa ƙalau, kuma manhajar ta ƙi sakinsa. Na rubuta wa kamfanin sau uku, amsa ba ta zo ba sai bayan kwana tara, ita ma ba ta taɓa tambayata ba. Ɗalibar ta zauna a kan benci tana hawaye, muka sake buga shafi talatin daga rubutun hannunta, ban karɓi ko sisi ba. Tun daga nan na fara lura da yadda manhajar take cinye data kowace safiya, da yadda kwamfuta ke yin nauyi daidai lokacin da layi ya yi tsawo. Lasisin zai ƙare a wata mai zuwa, da dala ake sabuntawa, kuma na riga na cire katin bankina daga shafinsu.