Fulogin NGK Iridium IX: yana da kyau, amma a duba kwayil tukuna

Fulogi ne mai kyau, wannan babu ja. Tsinin tsakiyarsa siriri ne, milimita 0.6 kacal, shi ya sa wuta ke tsallakawa ba tare da kwayil, wato abin da ke ba fulogi wuta, ya sha wahala ba. A ƙaramar mota mai silinda 3 ko 4, idan tsofaffin sun cinye, ana jin bambancin wurin tayarwa da safe da kuma a sulo.

Inda masu saye ke ruɗewa shi ne daɗewarsa. Da an ji iridiyum sai a ɗauka an huta ke nan. Alhali a IX tsinin tsakiya ne kawai iridiyum, ƙugiyar da ta lanƙwaso a kansa nikel ce, kuma ita ke fara cinyewa. A sa ran kilomita 60,000 zuwa 80,000. Ya ninka fulogin gama-gari da ake canzawa wajen 30,000, amma bai kai wani samfurin NGK mai suna Laser Iridium ba, wanda aka liƙa wa ƙugiyarsa filatinam.

Kuma ba kowane misin, wato silinda ta kasa ƙone mai yadda ya kamata, fulogi ke warkarwa ba. Kafin a saya, a sa motar a kwamfuta. In ta nuna lambar P0302, misin ɗin a silinda ta 2 yake. P0300 kuwa misin ɗin yawo yake yi, sai a zargi tsagaggen tiyo mai zuƙo iska ko famfon mai da ya yi sanyi. Idan silinda ta 2 ce kaɗai, a musanya kwayil ɗinta da na ta 3, a goge lambar, a ɗan zaga. Ta koma P0303? Kwayil ne, fulogi ba shi da laifi. In lambar ba ta motsa ba, sai a musanya fulogin, in har yanzu tana nan sai a koma kan nozul da kwamfireshan. Baƙin mai a ramin fulogi kuwa daga gaskit ɗin murfin injin yake, sai an canza shi, in ba haka ba zai lalata robar kwayil.

Wurin ɗaurawa a bari injin ya huce, a fara murzawa da hannu don kada zaren ya hau karkace. Mai zaren milimita 14 yana son ƙarfin ɗauri na Nm 25 zuwa 30, kuma kada a shafa masa giris. Kada a danna tsinin wurin auna tazara, nan take yake karyewa.

Jabunsa ya yi yawa, a saya wurin dilan da aka yarda da shi, lambar fulogin kuma ta dace da injin.