Sharhi a kan 2,4-D a gonar shinkafa, alkama da masara

Maganin 2,4-D yana cikin magungunan ciyawa mafiya araha a shagunan Kura da Haɗeja, kuma a ganina ya cancanci kuɗinsa, muddin manomi ya san iyakarsa. Tun shekarun 1940 ake amfani da shi. Kwaikwayon sinadarin girma na tsiro yake yi, sai ciyawa mai faɗin ganye ta kama girma ba tsari. Kwana biyu zuwa uku bayan feshi za ka ga kan tafasa da zaki-banza da ƙashin-yawo ya lanƙwashe, kara ya murɗe, cikin mako biyu zuwa uku su bushe. Hatsi dangin ciyawa ne mai siririn ganye, shi ya sa yake jurewa. Saboda wannan dalilin ne kuma maganin ba ya taɓa harkiya, kiri-kiri da ƙarangiya. Masu shinkafa kan haɗa shi da propanil, maganin da ke kashe ciyawa mai siririn ganye, don cike giɓin.

Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne nau'in amin, mai giram 720 na sinadarin a kowace lita. Shi ya dace da mu, domin nau'in esta yana tashi ya zama tururi idan rana ta ƙwalle, iska ta kai shi gonar maƙwabci.

Wajen awo aka fi yin ɓarna. Lita ɗaya a hekta, cikin ruwa lita 200, ita ce ƙa'idar da aka saba, amma a duba takardar jikin kwalba. Da famfon goyo mai lita 16, hekta za ta ci famfo 12 zuwa 13, wato kimanin mililita 80 a kowane cikawa. Mai awo da gwangwanin madara yana zuba kusan ninki biyu, sannan ya ce magani ya ƙona masa shuka. A nemi kofin awo. A kula da ruwan haɗi ma: ruwa mai laka ko na rijiya mai gishiri-gishiri yana rage wa amin ƙarfi.

Ga shinkafa da alkama, a yi feshi lokacin da suke 'ya'ya a gindi, kusan mako uku zuwa huɗu bayan shuka. Idan an yi da wuri ganye ya nannaɗe kamar na albasa, idan an bari sai ta ɗauki ciki zangarniya ta fito a karkace da ƙwaya kaɗan. Masara kuwa, da ta wuce santimita 20 kada maganin ya shiga cikin kanta, a sunkuyar da bakin famfo ƙasa. In ba haka ba kara ya yi gautsi, iska kaɗan ta karya shi. Ana son awa huɗu zuwa shida ba ruwan sama bayan feshi.

Babban aibin maganin a wajenmu shi ne gauraye. Gonar dawa ko gero da aka sa wake ko gyaɗa a tsakani ba wurinsa ba ce. A noman rani na Kadawa, inda alkama ke kafaɗa da kafaɗa da tumatir, ɗan feshin da iska ta kwasa ya isa ya murɗe ganyen tumatir ya zubar da fure. A yi feshi da sassafe kafin iska ta taso. Famfon da ya sha 2,4-D kuma a ware shi, domin ragowar da ke cikin tiyo kan lalata kuɓewa ko bayan ɗauraya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukuni na biyu, mai matsakaicin haɗari, kuma amin yana yi wa ido mummunar illa. Safar hannu, tabarau, takalmin roba da riga mai dogon hannu wajibi ne, musamman lokacin haɗi. Idan ya fallatsa a ido, a wanke da ruwa mai tsabta na minti 15, a tafi asibiti da kwalbar. Kada a wanke famfo a cikin kanal. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye sau uku a huda ta, kada yara su ɗebi ruwan sha da ita. Wajen saye, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma a ƙi wanda aka ɗura a gorar ruwa.