TEE ko makarantar Littafi Mai Tsarki ta kwana: wanne ya dace da dattijon ikilisiya?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya yi tambaya: an zaɓe shi dattijo, shi ke wa'azi duk Lahadin da fasto ba ya nan, ga gona ga iyali. Ya shiga TEE ne, ko ya tafi makarantar kwana?

Ɗan'uwa, TEE (Theological Education by Extension) karatun tauhidi ne da ke zuwa inda ɗalibi yake. An fara shi a Guwatemala a 1963, kuma ikilisiyoyi irin su EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) sun daɗe suna amfani da shi. Kamar murhu yake, duwatsunsa uku: karatu a gida, haɗuwa da jagora sau ɗaya a mako, sai hidima a majami'a. Yawanci littafi ɗaya kan ɗauki mako goma, darasi biyar a mako, kimanin awa guda a rana. Abin da ka koya ranar Talata, ranar Lahadi kana koyar da shi a ajin baftisma. Kuɗinsa bai cika wuce na littafi da rajista ba.

Matsalarsa a wajen jagora take. Idan ya mai da haɗuwar ta zama wa'azi, ɗalibai su yi shiru, to dutse ɗaya ya faɗi, domin an shirya zaman ne don tattaunawa. Na biyu, damina. Ajin da aka buɗe a watan Yuni, kafin Agusta noma ya cinye shi, gara a fara bayan girbi. Akwai kuma masu kwafar amsa daga littafin abokinsu ana gab da zama, wannan kuwa ɓata kuɗi ne kawai.

Makarantar kwana, irin ta Kagoro ta ECWA ko Kulp ta EYN da ke Kwarhi, tana ba da abin da TEE ba ya iya bayarwa: ɗakin karatu, malamai kullum, da gwajin wa'azi inda za a gyara maka kuskure nan take. Amma shekaru ake yi, ba makonni ba, kuma wa zai riƙe gonar? Ga kuɗin makaranta, ga abinci. Wanda ya tafi ba tare da wasiƙar ikilisiyarsa ba kan dawo da takarda amma babu wurin aiki, don takardar shaida ba naɗi ba ce. Majalisar ikilisiya ce ke naɗawa.

Tunda dattijo kake, ba ka ce kana neman zama fasto ba, TEE ya fi dacewa da kai. Kafin ka biya kuɗi, tambayi sakataren gunduma abu biyu: wa ke jagorantar ajin, kuma ko makarantar ɗariƙarku na karɓar shaidar TEE idan wata rana ka so ƙaro karatu.