Sharhi kan hidimar wani kamfanin jagorar hawa dutsen Kilimanjaro a Moshi

Dokar Tanzaniya ba ta yarda kowa ya hau dutsen Kilimanjaro ba tare da jagora mai lasisi ba, saboda haka ran matafiyi yana hannun kamfanin da ya zaɓa a Moshi ko Arusha. Kamfanin da ya kai mu ta Machame, ɗaya daga cikin hanyoyin hawan dutsen, ya iya kula da baƙinsa, amma ba ya kyautata wa ma'aikatansa.

Tsayin dutsen mita 5,895 ne, kuma iskar oksijin da mutum ke shaƙa a ƙololuwar Uhuru kusan rabin wadda yake samu a bakin teku ce. Babban haɗarin shi ne ruwa ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, alhali mai ciwon yana ganin gajiya ce kawai. Safe da yamma jagororin suna maƙala wa kowa na'ura a yatsa su auna oksijin da bugun zuciya, suna kuma ɗauke da tukunyar oksijin ta gaggawa. A sansanin Barafu, inda ake tashi da tsakar dare zuwa ƙololuwa, babban jagoran ya ga wani dattijo yana tari yana tangaɗi, sai ya umarci a sauko da shi nan take, duk da makudan kuɗin da ya biya da magiyar da ya yi ta yi. Wannan tsayin daka shi ne abin da ya fi kwantar mini da hankali. Sun kuma hana mu bi ta Western Breach, wata hanyar kaiwa ƙololuwa ta yammacin dutsen, inda duwatsu suka rufto suka kashe Amurkawa uku a watan Janairun 2006.

Inda kamfanin ya gaza shi ne wajen 'yan dako. Ƙa'ida ita ce kada kayan ɗan dako su wuce kilo 20, kuma ana aunawa a ƙofar shiga, amma da aka yi nisa sai na ga ana ƙara wa wasu kaya. Da yawansu takalman roba da 'yar rigar sanyi gare su, kuma a cunkushe suke kwana cikin tantin cin abinci, a wurin da ruwa ke daskarewa da dare. Sanyi ya sha kashe 'yan dako a wannan dutse, sai dai mutuwarsu ba ta kaiwa kafafen yaɗa labarai kamar ta baƙi.

Ƙungiyar KPAP, mai tallafa wa 'yan dakon Kilimanjaro, tana sa ido kan albashi da abinci da suturar 'yan dako, tana kuma fitar da sunayen kamfanonin da ke bin ƙa'idojinta. Wannan kamfani ba ya ciki, kuma ba zan tura kowa wurinsa ba sai ya shiga.