Famfon bakum da muka saka a injin kiret ɗin ƙwai, bayan shekara ɗaya da rabi

Tun da muka saka famfon bakum ɗin nan, wato famfon da ke zuƙe iska, mutum biyar ko shida sun tako har wajen aikinmu su gani da idonsu, wasu daga nan cikin Kumasi, wani ma tun daga Techiman ya hau mota ya zo, kuma tambayarsu guda ce, Masta wannan abun yana yi kuwa ko dai kuɗi za mu zubar. To yanzu ya shekara ɗaya da rabi a hannuna, ya ga damina ya ga hunturu ya ga zafin Maris, na sha daɗinsa na sha wuyarsa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abun da na gani dan wanda ke shirin saye ya san me zai tarar.

Mu kiret ɗin ƙwai muke yi, irin na takarda mai cin ƙwai 30. Wajen na kawuna ne, ni ke riƙe da inji, da yara huɗu daga unguwarmu Aboabo. Muna sayen tsofaffin kwalaye wajen masu shaguna a Kejetia da Adum, da ragowar takardar da masu ɗab'i na Asafo ke yankewa, aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta kawo mana, mu zuba a tukunyar markaɗe da ruwa har ya koma kamar koko, sai a ƙara masa ruwa ya tsinke sosai. Daga nan mol ɗin, wato abun da ke ba kiret siffarsa, da aka lulluɓe da raga mai ƙananan ido zai nutsa cikin kokon, bakum ya ja ta baya, ruwa ya wuce ta ragar, zaren takarda ya manne a jiki ya ɗau siffar kiret, duk cikin sakan kaɗan, sai yaro ya ɗauke ya kai shanya. Masu kiwon kaji ke kwashe kayan, har na wajen Dormaa suna aikowa. Duk sana'ar nan a kan wannan jan da bakum ke yi ta rataya, in ya ja da kyau ka ci riba, in ya yi sanyi ranar ta tafi.

Kafin in dawo gida na yi shekara shida a wata masana'antar takarda a Tema, kuma can na fahimci cewa ƙaton injin yin takarda tun daga farkonsa har ƙarshe aikinsa ɗaya ne, raba ruwa da zare. Abun da ke fara zubowa kan raga cikin kashi 100 kashi 99 ko fiye ruwa ne zalla. Ragar na gudu ruwa na tsiyaya da kansa, sai akwatunan zuƙa da ke ƙarƙashinta su tsotse, sai babbar rola mai huji-huji da ke ƙarshen ragar ita ma ta tsotsa, takarda ta bar wurin da kamar kashi 20 na zare. Matsa tsakanin rola da bargo ke kai ta 40 zuwa 50, shi kansa bargon yana da akwatin da ke tsotse masa ruwa, abun da ya rage kuma sai tururi. Ruwan da ka cire da zuƙa da matsa arha ne, wanda ka bari sai zafi ya cire shi ne mai cin kuɗi, har lissafin da masu sana'ar ke yi shi ne duk kashi 1 na bushewa da ka ƙara kafin takarda ta shiga wajen zafi ka rage kusan kashi 4 na tururi. Mu nan ba mu da tururi, rana ce ke busar mana, amma maganar ɗaya ce, ruwan da famfo bai cire ba kai za ka tsaya jiran rana ta cire maka, kuma a watan Yuni na Kumasi sai ka kwana biyu ka ga ba ta leƙo ba.

Famfon da ya zo da injin tun asali ƙarami ne, kilowat 7.5, kuma ya gaji. Sabon da muka saka shi ne 2BV5131, kilowat 11, a jikin farantinsa an rubuta yana jan iska mita kubik 400 a awa, wani dillali ya yi mana odarsa daga Zibo da ke lardin Shandong a Sin, garin da ya yi suna wajen ƙera famfuna, ya sauka tashar jirgin ruwa ta Tema muka ɗauko. Irin mai zoben ruwa ne. Fanka ce a cikin ganga amma ba a tsakiya take ba, an ɗan matsar da ita gefe guda, in ta fara juyawa sai ta watsa ruwan da ke ciki ya kewaye jikin gangar kamar zobe, ramukan da ke tsakanin fikafikanta su buɗe a gefe ɗaya su ja iska, su tsuke a ɗaya gefen su tura ta waje. Ba ƙarfen da ke gugar ƙarfe, ruwan nan shi ne fistin da ke tura iska shi ne kuma sil da ke hana ta zurarewa. Tsohuwar dabara ce, tun 1903 kamfanin Siemens-Schuckert ya yi rajistarta a Jamus, a masana'antun takarda kuma kamfanin Nash na Amurka ne ya yi fice, har tsofaffin da na yi aiki ƙarƙashinsu kowane irinsa suka gani Nash suke ce masa.

Bari in fara da alherinsa dan yana da shi da yawa. Satin farko na ɗauko sikelin kicin na matata na riƙa auna ɗanyen kiret yana sauka daga mol. Da tsohon famfo giram 330 yake kaiwa, da sabon ya sauko wajen 270, busasshe kuma 80 ne ko ta yaya. Giram 60 kenan a kowane kiret, mu kuma muna fitar da kusan 1000 a awa, ka ga kilo 60 na ruwa kenan duk awa da ba sai mun roƙi rana ta ɗauke mana ba. A hannu ma za ka ji, da in yaro ya ɗauko kiret sai ya lanƙwashe masa kamar jiƙaƙƙen tsumma gefe ya yage, yanzu yana tsayawa da ƙafarsa, kusurwoyin sun fito tsaf, in ya bushe ba ya murɗewa kuma yana shiga cikin ɗan uwansa daidai in an jera. Allurar gejin da ke nuna ƙarfin zuƙa na zama tsakanin -0.06 da -0.07, ba ta rawa sosai. Ƙararsa ma da sauƙi, kana iya magana da mutum a gefensa ba sai kun yi ihu ba, kuma ba ruwansa da tururi ko ɗigon ruwan da ya biyo iska, wanda irin mai amfani da mai da tuni ya lalace. Kawu da ya ga yadda kaya ke fita ce min ya yi, ɗana ai da mun sani tun bara muka yi wannan.

Sai matsalar da babu wanda ya faɗa mana, kuma ita ce dalilin da ya sa nake wannan rubutun. Da safe famfo lafiya lau, amma ana yin azahar sai ka ga allura ta fara ja da baya, -0.055, -0.05, kiret ya fara fitowa da nauyi, wani lokacin kuma in ragar mol ta toshe allura ta haura sama sosai sai ka ji wata ƙara a cikin gangar kamar an zuba tsakuwa ana juyawa. Na canza gaskit, na bi bututu gaba ɗaya da ruwan sabulu ina neman inda iska ke shiga, na zargi boris, har na fara cewa an sayar mana da jabu. Ran nan ina tsugunne a gefensa na sa hannu cikin tankin ruwan da ke ciyar da shi, wallahi da sauri na janye, ruwan ya yi zafi kamar na wankan jego. Na aro ma'aunin zafi wajen wani mai ƙyanƙyasar kaji da ke sayen kayanmu, na tsoma, digiri 48. Nan na tuna abun da na sani tun Tema amma na sha'afa, duk lambobin da ake rubutawa a jikin irin waɗannan famfuna da ruwa mai zafin digiri 15 aka auna su. Ina za mu ga 15 a Kumasi? Ruwan bohol ɗinmu da sassafe ma 27 yake. Mu kuma ƙaramin tanki muka ajiye a rana, ruwa ɗaya ke zagayawa tun safe, kusan duk ƙarfin da moton ke zubawa zafi yake komawa cikin ruwan nan. In ruwa ya yi zafi a inda iska ta yi ƙaranci sai ya fara tururi tun bai kai tafasa ba, tururin ya cika ramukan fankar da ya kamata iska ta shiga, jan ya ragu. Ƙarar tsakuwar kuma ƙananan kumfa ne ke tasowa suna fashewa a jikin fikafikai, da na buɗe na haska tocila na ga har sun fara yi musu ƙananan ramuka kamar zanzana, raina ya ɓaci sosai dan famfon ko wata biyar bai yi ba.

Gyaran bai ci kuɗi ba. Muka kawo babban tankin roba muka sa shi a inuwa, mai walda ya yi mana wani ɗan hasumiya da kwano mai huji a sama, ruwan da ya fito daga famfo ya zubo ta ciki kamar yayyafi fanka na hura shi, muka bar sabon ruwa na shiga kaɗan-kaɗan, wanda ya yi ambaliya kuma ya tafi tukunyar markaɗe ba a yi asararsa ba. Yanzu ko da rana tsaka ba ya wuce 33. Na kuma sa ƙaramin bawul a bakin zuƙa, in na ji alamar tsakuwa sai in ɗan buɗe iska ta shiga, nan take ƙarar ta ɗauke. Da dillalin ya faɗi wannan magana ɗaya tun farko da fankata ba ta ci wannan wuyar ba, kuma takardar bayanin da ta zo da shi shafi huɗu ce, rabinta da rubutun Sin.

Abu na biyu, kar kowa ya yarda ya haɗa famfon kai tsaye da mol. Iska yake ja, ba aikinsa ba ne haɗiye ruwan koko. Dole a sa tankin rabewa a tsakani, ruwa ya faɗo ƙasa wani ƙaramin famfo ya kwashe, iska ta wuce ta sama, a sa raga kuma a bakin bututu. Mu muna da tankin, amma ni da kaina na yi kuskuren ciyar da famfon da farin ruwan da ke dawowa daga mol dan in rage jan bohol. Ruwan nan cike yake da guntun zare da allin da ake cusawa cikin farar takarda, suka bi suka daskare a ciki. Muka tafi hutun babbar sallah kwana biyar, da muka dawo na danna maɓalli moto ya yi gurnani kawai bai juya ba, Allah ya taimake ni na kashe da wuri koyil bai ƙone ba. Gangar baƙin ƙarfe ce, tsatsa da alli sun kama fankar gam. Muka ɗora shi a aboboya zuwa Magazin ta Suame, unguwar makanikai, wani dattijon makanike ya buɗe, ya kankare farin daskararren abun da ya kai kaurin farce, ya canza sil, ya dube ni ya ce yaro in za ka ajiye shi ko na kwana biyu ne ka zubar da ruwan ciki, kuma kafin ka ba shi wuta ka fara juya shi da hannu. Na ce to Baba, na gode. Boris da sil ɗinsa duk ana samu a nan ba sai an aika waje ba, wannan ma na sa shi cikin alherinsa.

Maganar wuta kuwa kowa ya san halin da muke ciki. In dumso, wato ɗaukewar wuta, ta faɗo ana cikin aiki, bakum ɗin da ya rage a tanki sai ya janyo ruwan famfo baya, shi ya sa bawul mai hana komawa baya wajibi ne, kuma bai zo da shi ba, sai da muka saya daban. Haka in wuta ta dawo kar a tada shi gangar na cike taf, ruwa ya tsaya daidai tsakiyar shaf, wato sandar da ke juya fankar, in ba haka ba moto ke shan wahala. Ku sa masa na'urar da ke yanke wuta in layi ɗaya cikin layukan wuta ukun da ke shiga moto ya ɗauke. Yana cin wuta, ba zan ɓoye ba, a ƙaramin waje irin namu shi ne kan gaba a mita, amma da na kwatanta da kiret ɗin da muke zubarwa a damina saboda fumfuna da murɗewa, na ga ya biya kansa.

In aka tambaye ni ko zan sake sayensa, eh zan sake, ba ko tantama. Amma zan ƙara kuɗi in ce a ba ni mai fankar silba wadda ba ta tsatsa, kuma zan gina wajen sanyaya ruwa tun kafin famfon ya sauka Tema. Wanda ba shi da wadataccen ruwa mai tsabta a wajensa ya fara warware wannan tukuna, wanda injinsa ƙarami ne sosai kuma kilowat 7.5 sabo zai ishe shi, ba sai ya ɗora wa kansa kuɗin wuta ba. Na riga na sayi namu ma'aunin zafin na ɗaure shi da igiya a bakin tanki, ƙaramin cikin yaran ke dubawa da hantsi da bayan azahar ya rubuta da alli a jikin bango, jiya 31 da 33 ya rubuta, allura kuma na kan -0.065 har muka tashi.